Inuwar Giginya: Wa Ke Tsaron Kayan Kakanninmu?

A watan Yuni na 2025 an yi babban taro a Ikko, watau Legas, inda Gwamnatin ƙasar Holan ta miƙa wa Nijeriya kayan tarihi guda 119 waɗanda sojan Ingila suka kwashe daga birnin Benin tun zamanin kakanninmu. Manya sun sha manyan riguna, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Kafin wannan, a watan Disamba na 2022, Ministar Harkokin Waje ta Jamus ta zo Abuja da ƙafarta da kaya kimanin 20, bayan ƙasarta ta sa hannu a takarda ta yarda cewa kaya fiye da 1,000 da ke gidajen ajiyarta mallakar Nijeriya ne. Mu ma mun yi murna, ba mu kuwa ɓoye murnarmu ba. Wanda aka yi wa fashi, in kayansa suka komo, ko allura ce, ya cancanci a yi masa barka.

Amma akwai wata magana wadda ba a faɗa a wurin irin wannan taro, domin ba ta yi wa mahukunta daɗin ji. Ita ce mu ke so mu faɗa yau. Kayan da ba su taɓa barin ƙasar nan ba, waɗanda ke hannunmu tun kaka da kakanni, yaya mu ke riƙe da su?

Ga wanda bai san asalin zancen ba, ga shi a taƙaice. A watan Fabrairu na 1897 rundunar Ingila ta ci birnin Benin, wanda ke cikin Jihar Edo yanzu. Aka ƙone birni, aka kama Oba Ovonramwen aka kai shi Kalaba, can ya rasu a 1914. Aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadarsa, aka yi gwanjonsu a Turai. Babban gidan ajiye kayan tarihi na Ingila da ke London shi kaɗai ya samu kimanin 900, kuma duk sa'ad da aka tambaye shi sai ya fake da wata dokarsu ta 1963 wadda ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa. Waɗansu Turawa sukan ƙara da cewa wai mu ba mu iya ajiya ba, gara kayan su zauna wurinsu. Wannan hujja ba mu karɓe ta ba, ba kuwa za mu karɓa ba. Ɓarawo ba shi da bakin da zai ce sai ya duba ƙyauren mai gida tukuna ya mai da abin da ya sata. To, amma wannan tsakaninmu da su ke nan. Tsakaninmu da junanmu fa? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A 1973, sa'ad da shugaban ƙasa na lokacin, Janar Yakubu Gowon, zai kai ziyara Ingila, an shiga gidan ajiye kayan tarihi na Ikko aka ɗauko wani kan tagulla na Benin, na ainihi, mai ɗaruruwan shekaru, aka kai wa Sarauniya tsaraba. Jama'ar ƙasa ba su san haƙiƙanin abin da aka bayar ba sai wajen 2002. A watan Janairu na 1987 ɓarayi suka shiga gidan ajiya na Jos suka ɗauke kaya, har da wani kan tagulla na Ife. Tsakanin 1993 da 1994 aka yi ta sata a gidan ajiya na Ife kansa. Waɗannan duka bayan samun mulkin kai ne, tutar Ingila ta daɗe da sauka. Ba Bature ne ya riƙe mabuɗi ba.

Labarin Nok ya fi ba mu takaici, gama ya nuna yadda a ke cin talaka sau biyu. Nok wani ƙauye ne a ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wurin. A 1943 kuma aka kawo wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan, wanda aka samu wajen Jama'a. Wani akawun ma'aikatar kuza ne ya tsince shi, ya kafa shi a kan mutum-mutumi cikin gonar doyarsa don ya kori tsuntsaye. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa darajar abin. Da masana suka bincika sai aka gane mutanen da suka gina waɗannan siffofi sun rayu a tsakiyar ƙasar nan fiye da shekara 2,500 da suka wuce, kuma a Taruga, kusa da Abuja, an tarar da matoyansu na narka tama. Watau tun kafin Rumawa su taka Ingila, akwai maƙera da magina a ƙasarmu waɗanda aikin hannunsu ke sa masanan duniya su riƙe baki. Wannan kaɗai ya isa amsa ga duk wanda ya taɓa koya wa yaranmu cewa baƙar fata ba shi da tarihi.

To, me ya biyo baya? Daga wajen 1990 dillalai suka shiga ƙauyukan ƙasar Nok da na Katsina da Zamfara, suna ba manoma 'yan kuɗi kaɗan su tona. Manomin da damina ta ba shi kunya, ga yara a gida, wa zai hana shi ɗaukar diga? Aka farfashe wurare da yawa, aka fitar da kaya ta kan iyaka, alhali doka ta hana fitar da su tun 1953, kuma dokar 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikinsu sai da izini. Abin da manomi ya sayar a kuɗin buhun masara, a Turai ya zama kuɗin gida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɓarnar ma ba ta tsaya ga kuɗi ba. In an tono abu ba bisa ƙa'ida ba, ba a auna zurfin ramin ba, ba a duba gawayi da tukwanen da ke tare da shi ba, to an kashe labarinsa, ya zama abin ado kawai a ɗakin wani attajiri.

Har Gwamnatin Faransa ta sayi uku daga irin waɗannan siffofi, biyu na Nok ɗaya na ƙasar Sakkwato, aka nuna su a gidan ajiya na Louvre a birnin Paris a shekara ta 2000. Da surutu ya yi yawa, sai a 2002 aka ƙulla yarjejeniya: Faransa ta amsa cewa kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro har shekara 25, da damar a sabunta. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Mu bar abin da a ke iya ɗauka a jaka, mu zo ga wanda ba ya ɗaukuwa. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar birni, wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Sunan sarakuna a ke faɗa, amma talakawa ne suka ɗauki ƙasar a ka, kwando-kwando, suka kwaɓa, suka ɗora tubali. Ganuwar nan ta ga yaƙin Kwararrafa, ta ga bindigogin Turawa a 1903, ta tsaya. Abin da ya kā da mafi yawanta shi ne masu ɗibar ƙasa, da masu yanka filaye, da masu gina kantuna, da hukumomin da suka sa hannu ko suka kau da kai. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa hanya. Shekara uku kafin nan, a 2007, Nijeriya ta sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da ta ke neman Majalisar Ɗinkin Duniya ta shaida su a kan gadon duniya. Hannun dama na rubuta takardar roƙo, na hagu na tuƙa katafila.

Abin dariya, in da abin dariya ne, a Jos akwai wani fili inda aka gina kwaikwayon gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, har da wani yanki na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Muna tsoron ranar da Bakano zai biya kuɗin mota zuwa Jos don ya nuna wa ɗansa kamannin badala.

A Dufuna, cikin Jihar Yobe, wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana suka auna shekarunsa kimanin 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka duka wanda ya girme shi. Yara nawa ne a makarantun Damaturu, balle na Ibadan ko Enugu, suka taɓa jin sunansa? Sukur kuwa, a kan duwatsun Madagali, shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin gadon duniya, a 1999, kuma a 2014 'yan Boko Haram suka hau suka yi ɓarna a wurin.

Gaskiya ɗaya ce, ko ta yi ɗaci. Yawancin manyan gidajen ajiyarmu an kafa su ne kafin mulkin kai: Esie a 1945, Jos a 1952, Ife a 1954, Ikko a 1957. Ba mu da wani bege ga mulkin mallaka, kowa ya san ra'ayinmu a kansa. Amma Kenneth Murray da Bernard Fagg, da Ekpo Eyo wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ma'aikatar a 1968, sun yi aikin nan da ɗan abin da ke hannunsu, kafin kuɗin man fetur ya malalo. Da kuɗin ya zo, me aka ƙara? An ƙara gidaje, har sun haura 50, an kuma ƙara ofisoshi da muƙamai. Amma a Abuja, babban birnin ƙasa, hasumiya da cibiyar al'adu da aka fara a 2006 sun shafe fiye da shekara 15 ba a gama ba. Babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gama a 1976, ya lalace shekara da shekaru har sai da bankuna suka haɗa kuɗi suka gyara shi, aka sāke buɗe shi a 2025 da sunan Wole Soyinka. Mun yaba da gyaran. Muna dai tambaya, da bankuna ba su taso ba fa?

Za a ce ai 'yan hamayya ne, ba su ganin alheri. To, mu ba wata Gwamnati ɗaya mu ke nufi ba. Soja sun yi, farar hula sun yi, jam'iyyu sun hau sun sauka, halin bai sāke ba. Halin kuwa shi ne: mahukuntanmu suna son al'ada ranar biki, ba su sonta ranar aiki. In baƙo ya sauka a filin jirgin sama sai a kira masu kalangu da 'yan rawa su tsaya cikin rana tun hantsi, in an gama a sallame su da abin da bai kai kuɗin man mota ɗaya ta ayarin ba.

Nan ne maganar makaɗa da mawaƙa ta shigo, su ne kuwa suka fi ba mu tausayi. A 1977 Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya, wanda a ke kira FESTAC, daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu. Ƙasashe fiye da 50 suka zo, aka yi hawan daba a Kaduna, aka kashe kuɗi ba na wasa ba. Alamar bikin ita ce fuskar hauren giwa ta Idia, uwar wani Oban Benin, wadda ke London. Aka roƙi aronta, Ingila ta hana, sai da aka sassaƙa kwaikwayo. Duniya ta tafa mana. Kwana shida da rufe bikin, ran 18 ga Fabrairu, sojoji suka kewaye gidan mawaƙi Fela Kuti a cikin Ikkon nan suka cinna masa wuta, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga bene, ta rasu a shekara mai zuwa. Laifinsa waƙa. Ba kuma a kansa aka fara ba: a 1964 Gwamnatin Jihar Yamma ta hana Hubert Ogunde yin wasa a jiharta saboda wasansa Yoruba Ronu ya taɓa masu mulki. Mawaƙin da hukuma ke so shi ne maroƙi. Wanda ya buɗe baki ya faɗi halin da talaka ke ciki, sai a tuna akwai doka.

Ko waɗanda aka girmama ma, ina aka kai aikinsu? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Mutum ne wanda ba ya rubuta waƙa, a tsaye ya ke yinta, ya yi wa sarki ya yi wa direba, ya yi wa manomi, har shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa a 2015. Kafin su akwai Narambaɗa na Isa, wanda har yau malaman jami'a ke tsinkayar Hausarsa. A Kudu akwai irin su I. K. Dairo da Rex Lawson da Osita Osadebe. Muryoyin nan da yawa gidajen rediyo ne suka ɗauke su a kan faifai da zaren kaset, Rediyon Kaduna kuwa tun 1962 ya ke aiki. Zaren kaset ba dutse ba ne. Zafi na cinsa, laima na cinsa, ƙura na cinsa, kuma injin da ke juya shi ya zama abin nema. Yau saurayin da ke son jin Narambaɗa sai ya je wurin masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, ko ya hau YouTube, ya samu abin da wani mai kishi ya kwafa daga tsohon kaset mai shashshaka. Allah ya saka wa waɗannan masu kishi. Amma wannan aikin ƙasa ne, bai kamata a bar shi ga sa'a ba. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Muna so mu ji ko kwabo nawa ta kai gidan magadan waɗannan bayin Allah.

Haka Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta dā, watau Suleja, a 1954, ta kai aikinta Turai da Amurka, ta rasu a 1984. Hotonta na bayan takardar naira 20, tana cikin aljihun kowa. Makarantar da ta yi aiki a ciki kuwa ta yi shekaru da yawa a yashe.

Mun san abin da waɗansu 'yan'uwa za su ce, kuma ba mu raina maganarsu ba. Za su ce mutum na fama da kuɗin hatsi da na magani, ina ruwansa da tsohuwar tukunya? Amsarmu ita ce, kuɗin da zai gyara rufin gidan ajiya guda bai kai na motocin da a ke saya wa manya kowace shekara ba, don haka ba daga bakin mayunwaci za a cire shi ba. Kuma marinan Ƙofar Mata, da masaƙa, da dukawa, da maƙeran tagulla na Bida da na unguwar Igun a Benin, da masuntan Argungu, ai ba tarihi su ke ci ba, sana'a su ke yi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya yi kimanin shekara 10 ba a yi shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020. A tambayi masu masauki da masu abinci da 'yan kwalekwale na garin abin da wannan ya jawo musu.

Waɗansu kuma za su ce ai gumaka ne. Wannan magana ana jinta a masallaci, ana jinta a majami'a, kuma ta sa an ƙone sassaƙe-sassaƙe masu yawa a ƙasar nan. Ba wanda ya ce a yi wa yumɓu sujada. Ajiye abu don a san yadda mutanen dā suka zauna daban ne da bauta masa. Banda haka, cikin gidajen ajiyar nan akwai littattafan malamanmu na Larabci da na ajami, rubutun hannu, a Jos, da Gidan Arewa na Kaduna, da ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Gara ba ta tambayar addinin takarda kafin ta ci.

Babbar cutar ma ita ce an raba talaka da abinsa. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu wajen 2009, sai bayan shekara fiye da 10 aka komo da shi. Mutumin da aka haifa a Kano ya tsufa yana wuce Gidan Makama bai taɓa leƙawa ba, domin a zatonsa wurin na Turawa ne da 'yan boko. In ma ya shiga, bayanin da ke jikin akwatunan gilashi yawanci da Turanci ne. Baƙo daga Jamus ya san Nok, jikan mai Nok bai sani ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, ba kuwa abu ne mai wuya ba. A ƙirga kowane abu da ke cikin kowane gidan ajiya na ƙasa, a ɗauki hotonsa, a buga rajistar a fili, har a intanet, yadda in abu ya ɓace kowa zai sani, in ya ɓullo a kasuwar gwanjo a Turai a gane shi. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin sito ya san kayan da ba a rubuta ba su ne ke yin ƙafa. Kayan da aka komo da su daga waje su ma a faɗa wa jama'a inda kowanne ya ke, da ranar da talaka zai iya zuwa ya gani. A biya masu gadi da ma'aikatan wuraren nan albashinsu a kan kari, gama mai gadin da ke bin bashin wata uku an riga an buɗe wa ɓarawo ƙofa. A rubuta bayani da Hausa da Yarabanci da Ibo da harshen mutanen wurin, a bar 'yan makaranta su shiga kyauta. A kwafe faya-fayan gidajen rediyo zuwa na'urorin zamani tun zaren bai gama mutuwa ba, a ajiye kwafi a jami'o'i. Abin da ya rage na ganuwar Kano da ta Zariya da ta Katsina kuma a shata shi, a kafa alama, duk wanda ya sa hannu aka yanka fili a kai a kira sunansa a gaban shari'a, kome girman rawaninsa ko kujerarsa.

Sauran lissafin da muka ce mai karatu ya riƙe. Shekara 25 daga 2002 ta faɗa 2027. Muna kira ga wakilan jama'a a Majalisar Tarayya, na kowace jam'iyya, su tashi su tambayi Ministan da al'adu ke hannunsa: siffofin nan uku da ke Paris, za a sabunta aron ne ko za su komo gida? In za a sabunta, wa aka shawarta, kuma me mutanen ƙasar Jaba za su samu? In za su komo, a wane ɗaki za a sa su, kuma an gyara rufinsa?